Waiwaye: Tsohuwar Busa, Sabon Kiɗa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kaduna a shekarun 1970 ya san yadda safiyar fareti take. Ran 1 ga Oktoba ko ran 27 ga Mayu, tun rana ba ta gama fitowa ba za ka ji babbar ganga daga ƙetaren kogi, begila na bin bayanta. Mu 'yan kudu, na Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa, sai mu yi ayari mu haye gada, takalman kambas sun sha farar ƙasa, riguna sun sha guga da dutsen gawayi. 'Yan badujalar soja da na 'yan sanda su ne sarakunan ranar. Idonmu yakan tafi kan mai sandar nan da ke gaba yana wurga ta sama yana cafewa, ko kan masu manyan ƙahonin tagulla da ke ɗaukar ido. Kaɗan ne a cikinmu suka lura da sahun tsakiya, na masu wata baƙar busa siririya mai maɓallan azurfa. Ita ce kilarinet, kuma mafi yawan zaƙin da muke ji a cikin macin daga bakinta yake fitowa.

Garin ma a lokacin mai kiɗa ne, kiɗan da ake yi da hannu da baki a gaban idonka. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Ma'aikata suka cika unguwannin kudancin kogi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kowa da yarensa da waƙarsa. Da dare Bala Miller da mutanensa suna cashewa a kulob ɗin Costain, Rediyon Kaduna kuma yana shigo mana da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya har cikin ɗaki. Da yamma yaran Boys' Brigade suna atisaye a harabar majami'u. A 1977, da aka yi hawan daba na bikin FESTAC a garin nan, mun ji kakaki da algaita na masarautu iri-iri a fili guda, har kunne ya ƙoshi.

Yau jikokinmu suna yawo da kiɗan duniya kaf a aljihu, abin da mu ko a mafarki ba mu gani ba. Sai dai ka zaga layi guda a Barnawa, da wuya ka tarar da gidan da yaro ke koyon fitar da sauti da numfashinsa. Masu ji sun yawaita, masu yi sun ƙaranta, kuma ba mu lura da ranar da hakan ta faru ba.

Ni a ƙungiyar badujalar makarantarmu na fara riƙe kilarinet, a sahu na uku, inda ake ajiye sababbin shiga. Malaminmu tsohon soja ne, ba ya dariya sai an tashi. Da ya ga mun kumbura kumatu sai ya buga ƙafa ya ce, "Kai, yara! Ba algaita kuke busawa ba, ku mai da kumatunku." Gaskiyarsa. Mai algaita yana tara iska a kumatu ya riƙa shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, kuma bakin algaita harsunan kara biyu ne ke kaɗawa da juna. Kilarinet kuwa harshe ɗaya gare ta, siririn kara da ake ɗaurewa a ƙarƙashin bakinta, kuma tana son leɓe a ɗame, haɓa a miƙe. Abu uku aka koya mana: ka busa da ƙarfi, ka bi ganga, kada ka saɓa ƙafa. Da 'yan macin da muka haddace da taken ƙasa muka yi zamaninmu. A 1978 aka sauya taken, aka kawo wanda Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sandan Najeriya, ya tsara wa kiɗa, muka sake haddar wani.

To me ya sa muka ajiye? Kowa da dalilinsa, amma dalilan 'yan uwan juna ne. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, tana da gidajenta da sarautunta, kuma tana tafe da roƙo. Yaro ya yi busa a makaranta, wannan wasa ne. Magidanci mai iyali ya zauna yana busa don jin daɗin kansa kawai, wannan kuwa sai an tambaya ko lafiya. Aiki ya zo, aure ya zo, kuɗin makarantar yara ya zo. Ni da albashina na farko-farko na sayi tawa a hannun wani mabushi da zai bar aiki, amma ba a jima ba ta koma kan kabad. Daga baya kibod ya shigo gari, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin mutum goma a gidan biki da situdiyo. Masaƙu suka bi juna suna rufewa. Rikicin da aka yi a garin a 2000 ya zo ya mai da kogin nan iyaka, abokan da muka yi sahu ɗaya da su wasu suka koma arewa, wasu suka nutsa kudu. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Abin da ya sauko da tawa daga kan kabad shi ne taken ƙasa. A watan Mayun 2024 gwamnati ta dawo da tsohon take, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Jikoki suka dawo daga makaranta suna ta fama da shi, sai ga kakanni sun zama malamai dare ɗaya. Wata jikata, da ta ji labari wajen kakarta, ta ce, "Kaka, an ce kai ma ka taɓa busa shi. Ina abin busar?" Muka buɗe akwati. Ƙwari sun cinye fatun da ke toshe ramukan, toton gaɓoɓin ya bushe ya farfashe, maɓallan sun yi baƙi. Amma icen yana nan lafiya, ko tsaga babu.

Wani tsohon sajan badujalar 'yan sanda a wajen Kakuri, wanda kowa ke kira Baba Saja, shi ya gyara ta. Yana aiki yana ba ni labarin abin da na riƙe shekaru ban san asalinsa ba. Wani maƙerin kayan busa na birnin Nuremberg a Jamus, Johann Christoph Denner, ake danganta wa ƙirƙiro ta wajen 1700. Icen nata kuwa ɗan Afirka ne, baƙin ice mai nauyi da ake sarowa galibi daga Tanzaniya da Mozambik, kuma bishiyar takan haura shekara sittin kafin ta isa sara. Karan harshen yawanci daga kudancin Faransa yake zuwa. Ya ce babban abokin gabarta a nan shi ne hunturu. Iskar Disamba da Janairu tana busar da ice daga waje alhali numfashi na jiƙa shi daga ciki, sai ya tsage. Don haka a ɗumama ta a tafin hannu kafin a busa, a goge cikinta bayan an gama, a shafa wa toton ɗan man kaɗanya, a rufe akwati.

Yatsu ba su manta ba, leɓe ne ya manta. Kafin a gama baiti biyu baki ya mutu, iska na tserewa ta gefe. Amma sannu ba ta hana zuwa. Taken ya fito, jikoki suka yi tafi. Macin nan na makaranta suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fuskokin da yake tuno mini. Sai kuma, ba a daɗe ba, rumbun ya ƙare. Duk abin da na sani na busa shi, na maimaita, har mutanen gida suka fara rufe taga cikin ladabi. A nan ne mafi yawanmu muke sake ajiye abin da muka ɗauko, domin tunawa da jiya abinci ne mai daɗi amma ba ya riƙe ciki. Na kai kukana wajen Baba Saja, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai maci na masu tafiya ne. Mu yanzu zaune muke. Akwai kiɗan da aka rubuta domin mazauna."

Abin da yake nufi shi ne kiɗan zaure, wanda Turawa suka daɗe suna rubutawa domin mutum biyu zuwa takwas ko tara, a yi shi a ɗaki ba a fili ba. Ƙa'idarsa ta saɓa da duk abin da muka koya. A badujala mutum goma na iya busa layi ɗaya, in ka ɓata sai ka laɓe a bayan maƙwabcinka. A nan kowa da layinsa shi kaɗai, babu ganga, babu mai sanda a gaba. Kamar hirar dattawa ce a zaure bayan isha'i: wani ya kawo zance, wani ya karɓa ya ƙara masa gishiri, wani ya yi shiru har sai gaɓarsa ta zo, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ya fi kowa ɓata hirar. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge da masu ƙwaryarsa, ko mai garaya da mai gora, ya ga yadda ake magana da ido da kafaɗa.

A da, samun takardun irin wannan kiɗa sai wanda ke da ɗan uwa a Landan. Yanzu akwai wani rumbu a intanet mai suna IMSLP, da aka buɗe a 2006, inda aka tara dubban tsofaffin takardun kiɗa da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa ya ɗauka kyauta. Jikar nan tawa ta sauko mana da su a waya, muka buga a wani shagon kwamfuta a Barnawa Complex. Wayar da muke yi wa tsegumi ita ce ta buɗe mana ƙofa, wannan kuwa dole a faɗa.

Muka zama huɗu. Ni da Baba Saja da tasa kilarinet, da wata malamar firamare mai ritaya da ta shekara da shekaru tana kaɗa ogan a majami'arsu, da wata ɗalibar jami'a, 'yar maƙwabta, mai gogen Turawa da suke kira bayolin. Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a falona, mu tashi in an kira magariba. Ba a taɓa sa mana zama ran Juma'a ko Lahadi ba, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da mu ya tsara haka. Barnawa na cikin unguwannin da har yanzu masallaci da majami'a ke jin muryar juna, kuma wannan arziki ne da ba kowane yanki na garin nan ya tsira da shi ba.

Da wani mutum da ba mu taɓa jin sunansa ba muka fara, Bernhard Crusell. An haife shi a Finlan a 1775 a gidan talakawa, ya shiga badujalar soja tun yana ƙaramin yaro, daga nan ya zama babban mabushin kilarinet a fadar sarkin Suwidin, ya rasu a 1838. Ya bar kiɗa uku na mutum huɗu, kilarinet da goge uku: ƙarami da matsakaici da babba. Da Baba Saja ya ji tarihinsa sai ya gyara zama ya ce, "Ashe ɗan bariki ne, namu ne." Matsakaici da babban goge ba mu da su, don haka Saja ya ɗauki layin matsakaicin, Malama ta ɗauki na babban a kibod. Abu mafi wuya a ranar ba busa ba ne, ƙirgen shiru ne. Takarda za ta ce ka dakata gaɓa takwas, kana ƙirgawa a zuci kana sauraron yarinyar da a haife ka haifi uwarta, sannan ka shigo a daidai, da muryar da ba za ta danne tata ba. Ba wanda ya taɓa koya mana busa a hankali.

Daga nan muka gangara wajen Mozart. A 1786, a birnin Biyana, ya rubuta kiɗan mutum uku, kilarinet da matsakaicin goge da fiyano, domin a yi shi a gidan wasu aminansa. Ɗalibarsa ce ta zauna kan fiyano, shi ya riƙe gogen, abokinsa Anton Stadler ya yi busa. Sanin haka ya sauke mana nauyi. Ashe tun asali ba don babban zauren taro da kwat da tikiti aka yi shi ba, don maƙwabta aka yi shi, a ɗaki mai kujeru da ƙoƙon shayi. In wuta ta ɗauke kibod ya yi shiru, mu biyu masu busa sai mu ci gaba, Malama tana rera nata layin da baki har a tayar da janareto.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Samuel Coleridge-Taylor. An haife shi a Landan a 1875, uwarsa Baturiyar Ingila, ubansa likita ɗan Saliyo. A 1895, yana ɗalibi ɗan shekara ashirin, ya rubuta kiɗan mutum biyar, kilarinet da goge huɗu. Ana ba da labarin cewa malaminsa Stanford ya ce bayan kiɗan mutum biyar da Brahms ya rubuta wa kilarinet, ba mai iya rubuta irin wannan bai kwaikwaye shi ba, yaron kuwa ya tafi ya dawo da nasa na kansa. Ya rasu a 1912 yana da shekara 37. Mun yi shekaru muna busa macin Turawa, ba wanda ya taɓa gaya mana cewa wani jinin Afirka ta Yamma ya rubuta wa wannan busa abu mai kyau haka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Aikin nasa ya zo mana da matsala. Kilarinet iri biyu manyan mabusa ke riƙewa, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sautinta ya fi na 'yar uwarta ƙasa da rabin mataki. Domin doguwar ya rubuta, mu kuwa 'yan badujala gajerar muke da ita. Malama ta warware mana da yatsa ɗaya: ta danna maɓalli, kibod ya hau rabin mataki, 'yar tamu ta ƙara wa tsirkiyoyinta ɗauri, Saja ya kwafe nasa layin da fensir. Kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya, shi kaɗai ƙarfinmu ya kai, kuma ya ishe mu.

A nan na ga amfanin kiɗan da ba wanda ya sani. Da tsohon maci ne, Saja zai ce ba haka ake yi a bariki ba, ni in ce a makarantarmu haka muke yi, a tashi baram-baram. Amma a gaban baƙuwar takarda babu oga. Wata rana yarinyar ta sauke gogenta ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, a nan wurin ni ke da magana, ku rakiya kuke yi mini." Saja, wanda ya yi shekaru yana tsawata wa kurata, ya dubi takarda ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Mu koma." Ku gaya mini, a ina kuma a rayuwarmu ta yau yaro ke gyara wa babba, babba ya gode, ba a ce an yi rashin kunya ba? Gemu ba ya hana ilimi, amma sai an sami wurin da gemun zai zauna ya koya ba tare da an ci masa fuska ba.

Brahms ɗin da aka ambata shi ma yana da labarin da ya shafe mu. A 1890, yana da shekara 57, ya sanar cewa ya gama, ya ajiye alƙalami. A 1891 ya je garin Meiningen ya ji busar wani mai suna Richard Mühlfeld, wanda da goge ya fara aiki kafin ya koma kilarinet. Sai tsohon ya sake ɗaukar alƙalami. A shekarar ya rubuta kiɗan mutum uku da na mutum biyar, a 1894 ya ƙara biyu na kilarinet da fiyano, ya rasu a 1897. Abin lura shi ne bai dawo don ya maimaita abin da ya yi suna da shi ba. Ya nufi wata busa da bai taɓa sa ta a gaba haka ba, kuma waɗannan ayyuka huɗu suna cikin waɗanda aka fi tuna shi da su.

Yanzu idonmu ya fara komawa gida. 'Yan ƙasar nan ma sun rubuta kiɗa a takarda: Fela Sowande, da Akin Euba, da Ayo Bankole wanda aka haifa a Jos a 1935. Takardunsu sun fi na Turawan da suka mutu shekara ɗari biyu wuyar samu, wannan kuwa abin a zauna a yi tunani ne. Mun kuma gwada ɗora wani karin goge da Malama ta tuna daga ƙauyensu a kan kayanmu huɗu. Nan muka gane cewa wasu sautukan gogenmu suna zaune ne a tsakanin maɓallan kibod, ba sa kan ko ɗaya. Bayolin tana iya kai musu, kilarinet ma in an sassauta leɓe tana matsawa kusa. Ashe kunnen da muka gada ya fi takardar faɗi, mu ne ba mu taɓa auna shi ba.

Na san ba kowa ke da kilarinet a kan kabad ba. Wani keken ɗinki ne, wani alƙalamin zayyana, wata kwarashin saƙa, wani littafin Larabci ko Faransancin da ya tsaya a babi na uku. In Allah ya ba ka tsawon rai da sauran lafiya, ɗauko shi. Za ka fara da abin da ka sani, wannan ba laifi, da tsohuwar zuma ake magani. Amma kada ka tsaya nan, domin abin da ka sani zai ƙare da wuri, kuma in ya ƙare kewa kaɗai zai bar maka. Nemi abin da ƙuruciya ba ta kai ka gare shi ba. Nemi mutum biyu ko uku da za su jahilce shi tare da kai, ko da ba sa'o'inka ba ne, ko da ba alƙiblarku ɗaya ba. Ka sa rana a mako, ka riƙe ta kamar yadda kake riƙe ranar karɓar fansho. Mu dai an riga an bugo mana takardun wata Bafaranshiya, Louise Farrenc, kiɗan kilarinet da babban goge da fiyano, kuma mun yi alkawari ba wanda zai saurare shi a waya kafin Asabar.